Babin Ajiye Mota A Birnin Zazzau

Duk wanda ya yi zaman zaure a gaban malamai a cikin birnin nan namu na Zazzau, ya fara daga Ahalari da Ishmawi, ya wuce Iziyya da Risala, har Allah Ya kai shi ga Askari, ya san cewa magabata ba su bar wani al'amari na zaman duniya ba sai da suka yi masa babi, suka rarraba shi fasali-fasali, tun daga ladubban shiga kewaye har zuwa rabon gadon wanda ya mutu ya bar mata huɗu da raƙumi ɗaya. Sun yi bayanin hukuncin dabba idan ta taka mutum, suka ɗora lamuni a wuyan mahayinta ko mai janta ko mai kora ta. Amma akwai wata dabba guda wadda ba ta riske su ba, mai ƙafafu huɗu na roba, wadda ba ta cin harawa sai fetur, kuma da ta riske su, na tabbata da babinta ya fi na gado tsawo, domin kuwa fitinarta ba ta ƙarewa da tsayawarta, hasali ma a nan take farawa. Tuƙi kowa na iya koyonsa a filin ƙwallo cikin mako biyu. Ajiye mota kuwa, wato abin da yaran yanzu ke kira fakin, a nan ake gane hankalin mutum da irin nonon da ya sha.

Dalili kuwa shi ne, waɗanda suka zana birnin nan, suka kewaye shi da ganuwa, suka huda mata ƙofofi, su Ƙofar Doka da Ƙofar Kuyambana da Ƙofar Gayan da Ƙofar Kona da sauransu, ba su auna lungunansa da komai ba sai da faɗin jaki ɗauke da mangala, in an yi karamci ƙwarai kuma da faɗin doki da zagi a gefensa. Lokacin da Babban Gwani Malam Mika'ilu ya gina masallacin Juma'a a zamanin Sarki Abdulkarimu, wanda ya hau gadon sarauta a 1834, ya yi tunanin inda sahu zai miƙe da inda bakan gizo zai sauka, bai yi tunanin inda Alhaji zai kafa jif ɗinsa ba, kuma ba laifinsa ba ne. Yau idan ka bar babban titin da ya taso daga Ƙofar Doka zuwa Babban Dodo, ka kutsa cikin Kwarbai ko Limancin Kona ko Unguwar Juma, za ka tarar lungu ɗaya ana rabonsa tsakanin mai kurar ruwa, da ɗan acaɓa, da Keke Napep, da tumakin unguwa, da 'yan makarantar allo, da kwatar da ta riga ta cinye sulusi, sa'an nan ga mota ta zo tana neman kaso mafi tsoka alhali ita ce auta a cikin magada.

Na daɗe a kan dakalin ƙofar gidanmu ina nazarin wannan mas'ala, tun ina da baƙin gashi har ga shi yau furfura ta ci gemu, kuma abin da na fahimta shi ne masu ajiye mota ɗabaƙa-ɗabaƙa ne kamar masu ruwaya, akwai amintacce, akwai mai rauni, akwai kuma wanda ijma'in unguwa ya tabbata a kan a guje shi. Wanda ya fi kowa yawan zuriya a cikinsu shi ne wanda muke kira Yanzu-Zan-Fito. Shi wannan bawan Allah ba ya tsayawa sai a daidai bakin lungu, inda hanya ta fi ƙunci, kamar an ce masa a nan aka binne cibiyarsa, sai ya kunna fitilun nan masu ƙiftawa dama da hagu, waɗanda aka ƙera don mota ta sanar cewa ta sami matsala a hanya, amma shi ya ɗauke su laya ce mai halatta haram, ya gyara babbar rigarsa, ya ce wa mai shayin da ke kallonsa, "Yanzu zan fito, gaisawa kawai za mu yi." To, wanda ya san gaisuwar Zagezagi ya san ba a yin ta a tsaye. Za a tambayi gajiya, a tambayi iyali, a tambayi wanda ya yi zazzaɓi bara, a yi ta'aziyyar da ba a samu zuwa ba. Kafin a kai ga abin da ya kawo shi an dama fura, kuma mayar da fura cin fuska ne. Kafin ludayi ya taɓa gindin ƙwarya an kira la'asar, fita kuwa bayan an yi kira ba halin mutumin kirki ba ne. A waje kuma duniya ta tsaya cik, mai kura ya jingina da jarkokinsa, 'yan acaɓa sun yi sahu har bakin titi, an aiki yaro ya leƙa zaure ya ce, "Wai ana sallama da mai mota," amsa ta fito daga ciki cikin natsuwa, "Ka ce ina zuwa."

Ranar Juma'a ce idinsa. Yakan iso ƙofar fada bayan liman ya hau mumbari, ya tarar waɗanda suka yi sammako sun jera motocinsu a natse, sai ya gicciye tasa a bayan uku daga ciki, ya ruga da darduma a kafaɗa. Da an sallame kuwa, sai wani irin tsoron Allah ya sauko masa wanda ba a gan shi da shi ba duk mako: ya yi nafila, ya ja carbi, ya yi addu'a ga iyaye da malamai da sarakuna da al'ummar Musulmi ta gabas da yamma, in ban da mutum uku da ke tsaye cikin rana a jikin motarsa, ladan da suka samo yana tsiyaye musu tare da gumi. In ya fito sai ya ce, "Subhanallahi, ku na tare? Ai ban daɗe ba," su kuma su ce, "Ba komai, Alhaji," da irin muryar da ke nuna akwai komai. Sau ɗaya tak na ga an yi masa hukunci daidai da laifinsa. An ɗauko makara daga wani gida a bayan namu, aka iso bakin lungu aka tarar wata 'yar Golf ta toshe shi, aka yi cigiya har aka gaji. Sai samari goma suka naɗe hannun riga, suka yi bisimilla, suka cicciɓe ta kamar tukunyar biki, suka saka ta tsakanin turken lantarki da katangar wani gida, taƙi ɗaya gaba, taƙi ɗaya baya. Aka kai mamaci makwancinsa, aka dawo, aka yi magariba, mai motar yana nan yana gaba yana baya, kuma duk unguwar ba a sami wanda ya ga lokacin da abin ya faru ba.

Ƙaninsa a wajen sakaci shi ne mai tawakkali, wanda birkin hannun motarsa ya tsinke tun daminar bara, bakanike ya ce a kawo a canja waya, shi kuma ya ce abin da Allah Ya tsare ba ya gangarawa. Malamai sun gaji da faɗa mana cewa dogaro ga Allah bai hana a ɗaure raƙumi ba, amma a wurinsa wannan magana ta raƙuma ce, ba ta shafi Toyota ba. Ƙa'idar kuwa ba ta da wuya: in ka tsaya, ƙafarka na kan birki ka ja birkin hannu har ya kama, in motar mai kuloci ce kuma gabanta na duban tudu, ka bar ta a giya ta ɗaya, in gangare take duba ka bar ta a ribas, ka kuma karya sitiyari ta yadda ko ta yi niyyar tafiya tayarta za ta tokari dakali ko gefen titi ta fasa. In kuwa mai canja giya da kanta ce, wadda ake kira otomatik, kada harafin P ya ruɗe ka, domin abin da ke riƙe da ita a nan wani ɗan ƙarfe ne a can cikin giyar wanda bai fi yatsa ba, kuma ɗora masa nauyin mota duka a kan gangare zalunci ne. Mai tawakkali bai yi ko ɗaya ba, ya bar ta a firi ya shiga gida. Ba sai an hau dutsen Kufena ake samun gangare ba kuwa, domin lungunan birni da yawa suna da ɗan karkata zuwa kududdufin da aka haƙi ƙasar ginin unguwar. Na ga irin wannan mota ta tashi ita kaɗai da hantsi, ba gaggawa ba hayaniya, tana tafiyar ƙasaita kamar dokin sarki ranar hawan Daushe, yara na bin ta suna murna, mai ƙosai ta bar kaskonta ta yi gefe tana salati, har ta je ta tsoma ƙafafunta na gaba a bakin ruwa ta tsaya tana kallon agwagi. Da mai ita ya zo, ya dube ta, ya dubi jama'a, sai ya ce ƙaddara ta riga fata.

Kishiyar wannan, wanda ni a wurina ruwayarsa ta fi ta kowa inganci, shi ne tsohon direban gingimari da ya yi ritaya. Ya fara ne da karen mota zamanin da ake jigilar gyaɗa da auduga, ya sha ranƙwashi a hannun ubangidansa kafin a bar shi ya taɓa sitiyari, ya yi tuƙi a hannun hagu har ranar 2 ga Afrilu 1972 da aka mayar da ƙasar nan hannun dama, kuma har gobe yana ganin wannan canji bidi'a ce da ba a shawarce shi a kanta ba. Da kuɗin sallamarsa ya sayi Peugeot 504, wadda muke kira Fijo, irin wadda masana'antar Kaduna da aka buɗe a 1975 ta cika ƙasar nan da ita, kuma tana nan, ta fi wasu 'ya'yansa lafiya. Shi da baya yake shiga wuri, a hankali, ido a madubi, domin a cewarsa mai hankali yakan shirya fitarsa tun kafin ya zauna, kuma ja da baya zuwa cikin wurin da ka riga ka gani ya fi ja da baya zuwa cikin titin da ba ka san abin da ke tafe ba. In ya tsaya, ya ja birkin hannu, ya sa giya, sai ya buɗe but ya ɗauko waigi, wani guntun katako mai kusurwa uku da ya yi baƙi ya yi santsi saboda shekaru, ya cusa shi a bayan taya, ya ɗan doke shi da diddige. Ko a kan ƙasar da ta miƙe sumul kamar faifai sai ya sa. Da safe kuma kafin ya murza makulli sai ya zagaya ta, ya durƙusa da kyar ya leƙa ƙarƙashinta, saboda akuya da kyanwa da ɗan maƙwabci mai rarrafe duk sun san babu inuwa mai sanyi kamar ta ƙarƙashin mota. Matasa na yi masa dariya. Shekara hamsin yana tuƙi ko kaza bai taɓa takawa ba, in ka yarda da ruwayarsa, ni kuwa na yarda, in ban da batun kazar.

Kada a haɗa shi da mai waswasi, ko da yake daga nesa sun yi kama. Mai waswasi yakan kulle mota da ɗan makullin nan mai maɓalli, ta yi ƙara, ya yi taku biyar ya dawo ya ja kowace ƙofa, ya sake dannawa don ya tabbata, ya sake dannawa, har ya rasa a wane hali ya bar ta, kamar mai shakkar ko raka'a uku ya yi ko huɗu. Na taɓa salla kusa da irinsa, muna cikin tahiya na ji hannunsa na motsi a aljihu, sai ga motarsa ta amsa daga waje.

Ɗan koyo kuwa, wanda ya manna jan harafin L gaba da baya, ban cika ganin laifinsa ba, domin Allah Ya ba shi ƙafa biyu, masu ƙera mota suka ba shi abin takawa uku, kuloci a hagu, birki a tsakiya, totur a dama, aka ce ƙafar hagu ta kuloci ce kaɗai, ta dama kuma ta yi aikin biyun da suka rage, don kada a taka su tare. Wannan rabo yana da hikima, amma hikima takan gudu idan tsoro ya shigo, shi ya sa katangu da yawa a birnin nan suke ɗauke da tabon ranar da wani ya nemi birki ya sami totur. Laifin da nake gani na majalisar da ke taya shi ne, wato 'yan taho-taho.

Su dai waɗannan ba su da mota, galibinsu ko keke ba su taɓa mallaka ba, amma da zarar sun ji ƙarar ribas sai su miƙe daga kan benci kamar an kira su fatawa. Ɗaya ya tsaya a baya yana kaɗa hannu, "Taho, taho, taho, akwai wuri, ko tirela ta shiga." Na biyu ya saka kansa ta tagar direba, "Karya duka, Malam, karya duka," bai ce dama ko hagu ba, domin a mazhabarsa wannan furu'a ce. Na uku, wanda yake da saɓani da na farko tun kan wata maganar bashi, yana daga can gaba yana cewa a miƙe sitiyari a sake sabon lale. Yaro mai tallan gyaɗa ma ya ajiye farantinsa ya ba da nasa ra'ayin. Direba kuwa zufa ta jiƙa masa hula, ya saki madubinsa wanda ba ya ƙarya ya kama bakin mutane, yana ja baya taƙi-taƙi a bisa ijma'in da bai ƙullu ba, har sai an ji ƙarar da kowa ya sani, ta bamba idan ta gaisa da dakali, ko ta taya idan ta faɗa kwata, a sa'an nan ne mai taho-taho zai ɗaga hannu biyu ya ce, "Tsaya! Ya isa haka." Daga nan sai majalisa ta rikiɗe ta zama kotu, a yi ittifaƙi cewa direban ne bai iya ba, a kuma taru da zuciya ɗaya a cicciɓo motar daga kwata, domin a gaskiya mutanen kirki ne, ba su taɓa karɓar ko kwabo a kan ɓarnar ko a kan gyaran ba. Wanda yake son a duba masa baya, ya zaɓi mutum ɗaya tak wanda yake gani a madubi, in ya ɓace masa ya tsaya. Sauran kuwa ya gaishe su da kyau ya ɗaga gilashi.

Akwai kuma ma'abota inuwa. Kowa ya san Zariya da rimi, kuma da bazara, cikin Maris da Afrilu, lokacin da sitiyarin motar da ta wuni a rana yake ƙuna kamar kaskon tuya, inuwar itace ɗaya takan fi filin gado jawo husuma. Wani yakan kafa duwatsu biyu da tsohuwar taya da sassafe don ya kama wuri, kamar mai ajiye darduma a sahun gaba. Wani kuma ya ce kakansa a gindin itacen nan yake ɗaure doki, saboda haka inuwar gadonsa ce. Abin da su duka biyun suke mantawa shi ne inuwar hantsi ba ita ce ta azahar ba, kuma itacen yana da masu shi na asali a sama, balbelu da jemagu, waɗanda suke karɓar kuɗin haya ta hanyar da suka iya. Da damina kuma reshen rimi ba ya sallama in zai sauko, haka nan wanda ya raɓa motarsa da katangar ƙasa a watan Agusta, a ƙarƙashin indararo, ya nemi abin da zai samu. A nan dai zan ajiye raha: wanda ya kulle yaro a cikin mota da zafin nan, wai zai shiga kasuwa ya fito, ko ya bar ta a buɗe inda yara za su shiga wasa ƙofa ta rufe da su, wannan ba ya cikin waɗanda ake yi wa dariya, domin rufaffiyar mota takan zama tanda cikin ɗan lokaci kaɗan, kuma an yi jana'izar da ba ta da wani sababi sai wannan.

Mai oda ba zan ɓata masa tawada ba, don ya riga ya yi wa kansa shela. A wurinsa oda ita ce sallama, ita ce sigina, ita ce birki. Gara in ambaci mai bankaɗe ƙofa, wanda ya yi fakin lafiya lau, ya yi hamdala, sai ya tura ƙofa da ƙafa bai dubi madubi ba bai waiga ba, daidai lokacin da ɗan acaɓa ya kawo kai ɗauke da wata Gwaggo da ƙullin garinta. Abin da ke biyo baya gari ne a sama, salati a ƙasa, da doguwar muhawara a kan wa ya zo ya sami wani, ƙofar ko babur ɗin. Hukumar kiyaye haɗurra da aka kafa a 1988 aikinta a manyan tituna yake. Shari'ar lungu kuwa dattawan unguwa ne alƙalanta, su ma sau da yawa motar ɗayansu ce a gicciye.

Da salla ƙarama ko babba sai wata ɗabaƙa ta sauka, ta 'ya'yan birni da suka yi arziki a Abuja ko Legas, kowanne da motar da ta fi zauren ubansa faɗi. An haife shi a wannan lungu, ya yi langa a cikinsa, amma yanzu sai ya tsaya a bakinsa yana mamakin wanda ya matse shi. Motarsa tana da ido a baya mai nuna masa hoto a allo, tana da wani abu mai tsuwa in ta kusanci katanga, sai dai waɗanda suka ƙera ta a Jamus ko Japan ba su san tunkiyar Kwarbai ba, wadda ba ta tashi daga tsakiyar hanya don tsuwa. Ƙarshenta yakan bar ta a bakin titi, ya ba wani almajiri ɗari biyar ya tsare ta, ya ƙarasa gida a ƙasa, riƙe da gefen shaddarsa, yana tsallake kwatar da ya saba tsallakewa yana yaro.

Adalci ya wajabta in ambaci wata malamar makaranta da ke zuwa unguwarmu gaishe da mahaifiyarta duk Asabar cikin wata 'yar ƙaramar mota. Ranar da ta fara zuwa, majalisar taho-taho ta miƙe gaba ɗayanta, har da waɗanda ciwon gwiwa ya hana su tsayuwar tarawihi, kowa ya shirya ganin abin ba da labari. Ta sauke gilashi ta ce, "Sannunku da hutawa, Baba, ku yi zamanku," ta kunna sigina, ta wuce wurin kaɗan, ta sa ribas, ta karya sitiyari sau ɗaya ta miƙe shi sau ɗaya, motar ta shige tsakanin dakali da turke kamar an zuba ta da mazurari. Ta ja birkin hannu, ta naɗe madubin gefe saboda masu kura, ta waiga kafin ta buɗe ƙofa. Majalisa ta zauna shiru, can sai wani dattijo ya ce ai motar ce ƙarama.

Ni kuwa shekara talatin ina jan motar kuloci, ina lissafa kaina a cikin amintattu, har bara da babban ɗana ya ga tsufa ya kama ni ya kawo mini otomatik, ya ce, "Baba, wannan ba ta da wahala, ƙafar hagu ta huta, ka ajiye ta gefe kamar ba taka ba." Ƙafar da ta yi shekara talatin tana aiki kuwa ba ta karɓar ritaya da fatar baki. A ranar farko, ina isowa bakin lungunmu a hankali, sai ta tashi da kanta ta tafi neman kuloci, ta sami birki, ta taka shi har ƙasa kamar yadda ta saba. Motar ta tsaya cak, hulata ta yi gaba ta daki gilashi, mai Keke Napep da ke bayana ya faɗi wasu kalmomi waɗanda ya janye da ya ga furfura. Na ce a raina bari in bar ta nan in shiga gida in sha ruwa hankalina ya dawo. Na ja birkin hannu, na sa P, na karya sitiyari wajen dakali, duk kamar yadda na bayyana a baya, na kuma kunna fitilun nan masu ƙiftawa. Mai shayi ya dube ni, na ce masa abin da ake cewa. A zaure na tarar da wani abokin karatuna daga Kusfa, wanda rabona da shi tun zaman makokin Sarki Shehu Idris a 2020, ga shi uwargida ta riga ta aiko da fura. Muna cikin warware wata mas'ala ta ƙabli da ba'adi wadda muka faro tun muna samari, sai jikana ya leƙo, ya durƙusa yana danne dariya, ya ce, "Malam, wai ana sallama da mai mota."

Na dubi ƙwaryar, ko rabi ba mu kai ba. Na ce, "Ka ce ina zuwa."